MOTSA JIKI DON LAFIYA: YADDA ZA A TSARA SHI DA LOKACIN DA ZA A SAUYA SHI

Gabatarwa

Kakanninmu ba su san wani abu wai shi lokacin motsa jiki ba, domin rayuwarsu duka motsi ce. Namiji ya yi sammako ya tafi gona da ƙafa, ya yini yana huɗa. Mace ta yi surfe, ta yi daka, ta jawo ruwa a rijiya mai gaba goma. Fatake kuwa sukan taka tun daga Kano har Gwanja su komo da goro. A yau al'amari ya sake. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi, babur da mota sun karɓi aikin ƙafa. Ma'aikaci a Abuja, da ɗan kasuwa a Sabo ta Ibadan, da direban babbar mota a kan hanyar Legas, duk sukan yini a zaune. Sauƙi ya samu, amma ya zo da nasa cututtuka, watau hawan jini, da ciwon sukari, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

An shirya wannan ƙasida ne domin ta amsa tambayoyi biyu da jama'a suka cika yi wa ma'aikatan lafiya. Ta farko, wane irin motsa jiki ya kamata mutum ya riƙa yi, kuma gwargwadon yaya? Ta biyu, idan ya kama wani tsari, zai dawwama a kansa ne, ko kuwa akwai lokacin da ya kamata ya sauya?

Darasi Daga Motocin Landan

A shekarar 1953 wani likitan Ingila mai suna Jerry Morris, tare da abokan aikinsa, ya bayyana sakamakon binciken da suka yi a kan ma'aikatan motocin haya na birnin Landan su kimanin 31,000. Motocin nan masu bene ne. Direba yakan yini a zaune a kan kujera, shi kuwa kwandasta yakan yini yana hawa bene yana sauka domin karɓar kuɗin mota. Gari ɗaya suke zaune, mota ɗaya suke aiki a ciki, amma sai aka tarar ciwon zuciya ya fi yawa, kuma ya fi saurin kisa, a cikin direbobi. Da aka duba ma'aikatan gidan waya sai aka sake ganin haka: masu rarraba wasiƙu da ƙafa ko a kan keke sun fi akawuna masu zaman ofis tsira daga wannan ciwo. Shi kansa Morris ya yi aiki da abin da ya gano, bai daina motsa jiki ba har tsufansa, ya kuwa rasu a 2009 yana da shekara 99.

Duk da wannan sani da aka daɗe da samu, alƙaluman da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2024 sun nuna cewa a shekarar 2022 kashi 31 cikin 100 na manyan mutane a duniya, watau mutum kimanin biliyan 1.8, ba su motsa jiki gwargwadon da ake bukata.

Duwatsun Murhu Uku

Tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Haka shi ma tsarin motsa jiki, sai an girka shi a kan duwatsu uku kafin ya daidaita.

1. Aikin zuciya da huhu. Shi ne duk motsin da zai sa numfashi ya ƙaru, zuciya ta ƙara bugawa, a kuma ɗauki lokaci ana yi. Misalinsa tafiya da sauri, sassarfa, tuƙa keke, ninƙaya, tsallen igiya, ƙwallon ƙafa da langa. Zuciya tsoka ce, in ana ba ta aiki sai ta ƙara ƙarfi, ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya. Wannan aiki yana sassauta hawan jini, yana kuma taimakon jiki ya sarrafa sukari.

2. Aikin ƙarfi. Shi ne sa tsoka ta ɗaga, ko ta tura, ko ta jawo abu mai nauyi. Daga shekara 30 zuwa sama, wanda ba ya ba tsokarsa aiki yakan yi hasarar kashi 3 zuwa 8 cikin 100 nata a kowace shekara goma, hasarar kuwa takan ƙaru bayan shekara 60. Wannan yana cikin dalilan da ke sa tsoho ya kasa tashi daga tabarma sai an kama shi. Aikin ƙarfi yana rage wannan hasara, yana kuma ƙarfafa ƙashi.

3. Miƙe gaɓoɓi da iya tsayuwa daram. Miƙa tana sa gaɓoɓi su saki, mutum ya iya sunkuyawa da waiwaye ba wahala. Koyon tsayuwa daram kuwa, kamar tsayawa a kan ƙafa ɗaya kusa da bango, yana tsare tsofaffi daga faɗuwa, wadda sau da yawa takan jawo karayar ƙugu.

Wani zai ce, "Ai ni manomi ne, ko ɗan dako, aikina ya ishe ni motsi." Gaskiya ne yana motsi, amma sau da yawa dutse ɗaya ya riƙe. Manomi yakan yini a duƙe, bayansa ya ƙage, ga shi kuma da an gama girbi sai ya koma zaman inuwa har ruwa ya sauka. Shi bukatarsa ita ce miƙa kullum, da tafiya a lokacin rani. Haka kuma saurayin da ke ɗaga ƙarfe kullum don ƙirjinsa ya buɗe, amma ba ya iya gudun minti biyar, shi ma tukunyarsa a karkace take. Kowa ya duba dutsen da ya rasa, ya nemo shi.

Gwargwadon Da Ake Bukata

A shekarar 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wannan ma'auni:

(a) Yara da matasa daga shekara 5 zuwa 17: kimanin minti 60 kowace rana na motsi mai sa haki.

(b) Manya daga shekara 18 zuwa 64: minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani. Ban da wannan, su yi aikin ƙarfi aƙalla kwana 2 a mako.

(c) Masu shekara 65 zuwa sama: daidai da na manya, amma su ƙara da aikin da ke koyar da tsayuwa daram aƙalla kwana 3 a mako.

(d) Mata masu juna biyu da masu jego: aƙalla minti 150 a mako na motsi matsakaici, muddin likita ko ungozoma ba su hana ba.

Ga hanya mai sauƙi ta rarrabe matsakaici da mai tsanani. Idan kana cikin motsi kana iya hira da abokin tafiyarka, amma ba ka iya rera waƙa, to matsakaici kake yi. Idan kuwa ba ka iya faɗin kalma uku ko huɗu sai ka tsaya ka ja numfashi, ka shiga mai tsanani. Minti ɗaya na mai tsanani yana daidai da minti biyu na matsakaici.

Ba dole ne a yi minti 30 a tashi ɗaya ba. Minti 10 da safe, minti 10 da la'asar, minti 10 bayan cin abincin dare, duk ana haɗa su a lissafi. Wanda kuma bai iya kai ma'aunin ba kada ya karaya, domin kaɗan ɗin da ya yi ya fi babu.

Misalin Tsarin Mako Ɗaya

Litinin: tafiya da sauri, minti 30.
Talata: tafiya minti 10 don ɗumama jiki, sa'an nan aikin ƙarfi minti 20.
Laraba: tafiya da sauri, minti 30.
Alhamis: keke, ko tsallen igiya a hankali, ko tafiya, minti 30.
Juma'a: tafiya minti 10, sa'an nan aikin ƙarfi minti 20.
Asabar: doguwar tafiya ko wasan ƙwallo, minti 40.
Lahadi: hutu.

In an haɗa, aikin zuciya ya kai minti 150, aikin ƙarfi kwana biyu. A ƙarshen kowace rana a ɗauki minti 5 a miƙe gaɓoɓi tun jiki yana da ɗumi. A riƙe kowace miƙa na daƙiƙa 15 zuwa 30, ban da fizga.

Aikin ƙarfi ba ya bukatar sayen kaya masu tsada. Ga guda biyar da za a iya yi a tsakar gida, maza da mata:

Na ɗaya, zama a kan kujera da miƙewa ba tare da dafa hannu ba, domin cinyoyi.
Na biyu, dafa bango da tafin hannu biyu, a sunkuya kansa a kuma ture jiki baya, domin ƙirji da damatsa. Mai ƙarfi ya yi a ƙasa.
Na uku, a dafa kujera da hannu ɗaya, a sunkuya baya a miƙe, a jawo jarkar ruwa zuwa haƙarƙari da ɗaya hannun, domin gadon baya.
Na huɗu, kwanciya rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi, a ɗaga ƙugu sama a sauke, domin ƙugu da ƙasan baya.
Na biyar, ɗage dugadugai a tsaya a kan yatsun ƙafa a sauko, domin sha-raɓa.

Kowane ɗaya a maimaita shi sau 8 zuwa 12. Wannan shi ne zubi ɗaya. A fara da zubi ɗaya, daga baya a kai biyu ko uku, ana hutawa minti ɗaya a tsakani. Kada a riƙe numfashi sa'ad da ake ɗagawa, domin yin haka yana ɗaga jini nan take.

Hutu Yana Cikin Aiki

Mutane da yawa suna zaton a lokacin da ake ɗaga nauyi ne tsoka take ƙaruwa. Ba haka ba ne. Aikin yana gajiyar da ita ne, sai an huta, an ci abinci, an yi barci, sa'an nan jiki yake gyara ta ya ƙara mata ƙarfi. Saboda haka a bar kimanin awa 48 kafin a sake ba tsoka guda aikin ƙarfi. Shi ya sa a tsarin da ke sama aka raba Talata da Juma'a. Babban mutum yana bukatar barcin awa 7 ko fiye.

Wanda ya fara sabon motsi zai ji tsamin jiki, wanda yakan fi tsanani bayan kwana ɗaya zuwa uku, sa'an nan ya wuce da kansa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Amma ciwo mai suka a cikin gaɓa, ko kumburi, wannan alamar rauni ce, a dakata.

Yaushe Za A Sauya Tsari?

A nan ne mutane suka kasu kashi biyu, kowane kashi kuma da kuskurensa. Akwai mai sauyawa kullum: yau gudu, gobe ƙarfe, jibi wani sabon salo da ya gani a waya. Akwai kuma wanda ya shekara biyar yana zaga fili guda, sau guda, da sauri guda.

Na farkon bai ba jikinsa damar koyon kome ba. A makonnin farko na sabon aiki, yawancin ƙarfin da mutum ke ji ya ƙaru daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyi yake zuwa, domin suna koyon yadda za su sarrafa tsokar ne. Girman tsokar kanta ba ya bayyana sosai sai bayan kamar mako 6 zuwa 8. Wanda ya watsar da aiki bayan mako biyu kamar manomi ne da ya tone shukarsa don ya ga ko ta yi saiwa. Ban da haka, ba shi da abin da zai auna ci gabansa da shi, ga kuma tsamin jiki da ba ya rabuwa da shi.

Na biyun kuwa ya fi mai zama nesa ba kusa ba, lafiyar da ya samu tana nan muddin bai daina ba. Sai dai jikinsa ya riga ya saba, ƙarfinsa ya tsaya wuri ɗaya. Har ila yau, gaɓoɓi guda ne ke ɗaukar wahalar kullum, ta haka gwiwa ko agara kan soma ciwo, kuma gundura takan sa wasu su bari gaba ɗaya.

Hanyar da ta dace tana tsakani, ga ta a ƙa'idodi huɗu.

Ƙa'ida ta farko: riƙe ginshiƙin tsarinka mako 6 zuwa 8.  Sabon shiga yana iya kai mako 12 a kan tsari guda yana ta samun ƙaruwa. Muddin kana ci gaba, ba ka jin ciwo, kuma ranka yana so, babu dalilin sauyawa.

Ƙa'ida ta biyu: a cikin waɗannan makonni riƙa ƙari kaɗan kaɗan. Mutanen Girka na dā suna da labarin wani ɗan kokawa mai suna Milo, wanda aka ce yakan saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa kullum, maraƙi yana girma ƙarfinsa yana ƙaruwa, har ya wayi gari yana ɗaukar bijimi. Labari ne, amma hikimar da ke cikinsa gaskiya ce. A 1945 wani likitan sojan Amurka, Thomas DeLorme, ya bayyana yadda ya yi jinyar sojojin da suka ji rauni a yaƙi ta hanyar sa su ɗaga nauyi ana ƙara musu sannu sannu, suka kuwa fi saurin murmurewa. Daga baya, a 1948, shi da abokin aikinsa suka daidaita tsarin a kan zubi uku, kowane zubi sau 10, wanda har yau ake amfani da shi.

Ga yadda za ka yi a gida. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Idan ka fara da lita 5 a jarka, ka ga kana iya wuce sau 12 ba wahala har kwana biyu a jere na aikin ƙarfi, sai ka ƙara rabin lita, ka koma sau 8, ka sake hawa. Ƙarin kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Haka ma tafiya: wanda bai saba ba ya fara da minti 10, ya riƙa ƙara minti biyu ko uku kowane mako har ya kai 30. Sannu ba ta hana zuwa.

Ƙa'ida ta uku: in lokacin sauyi ya yi, sauya abu ɗaya ko biyu kaɗai. Abubuwan da ake iya taɓawa huɗu ne: yawan kwanaki a mako, tsawon lokaci, tsananin aiki, da irin aikin. Alal misali, mai tafiya a shimfiɗaɗɗiyar hanya ya koma hanya mai tudu, ko ya riƙa sa sassarfa ta minti ɗaya bayan kowace tafiya ta minti huɗu. Mai ture bango ya koma ture benci, daga nan ya sauka ƙasa. Mai tashi daga kujera ya riƙa rungume jarka yana tashi. Idan ka sauya duka huɗu a lokaci guda, ka ji ciwo, ba za ka san wanda ya jawo shi ba. Duwatsun murhu uku kuwa ba a ɗauke ko ɗaya, abin da ke kansu kaɗai ake sakewa.

Ƙa'ida ta huɗu: kafin ka shiga sabon tsari, yi mako ɗaya mai sauƙi. Rage aikin zuwa kamar rabi, domin gajiyar da ta taru ta sauka. Amma kada ka daina ɗungum, domin juriyar zuciya da huhu takan soma ja da baya bayan kamar mako biyu na zama.

Akwai alamun da ke nuna a sauya tun wa'adi bai cika ba. Su ne ciwon gaɓa da ke dawowa duk sa'ad da aka yi wani aiki, da tsayawar ci gaba har mako uku alhali ana ci ana barci yadda ya kamata, da gundura mai sa mutum neman uzuri. Idan kuwa barci ya ƙi, gajiya ba ta sauka, bugun zuciya da safe ya fi yadda aka saba kwana da kwanaki, to aiki ne ya yi yawa, ragewa ake bukata.

Domin gane duk wannan, a nemi ɗan littafi a riƙa rubuta rana, da abin da aka yi, da minti nawa ko sau nawa. Sau ɗaya a mako, da an farka kafin a tashi daga shimfiɗa, a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu a ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Na yawancin manya yana tsakanin 60 da 100. Wanda ya dage da motsa jiki zai ga nasa yana raguwa sannu a hankali, wannan kuwa alamar zuciya ta ƙara ƙarfi ce.

Yanayin Ƙasarmu

Shekara da kanta tana kawo mana lokutan sauyi. Da bazara, musamman a watannin Maris da Afrilu a arewacin ƙasa, a yi motsi da sanyin safiya ko bayan rana ta yi sanyi, a sha ruwa kafin a fara da bayan an gama. A kudu inda iska ke da laima, gumi ba ya saurin bushewa, jiki yakan yi zafi da wuri, sai a rage sauri. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki, ranar da ƙura ta yi yawa kuma masu asma su yi nasu a ɗaki. Da damina manomi ya lissafa aikin gona a cikin tsarinsa, ya ƙara da miƙa kaɗai. A watan azumi a rage tsanani, a mai da lokacin motsi zuwa bayan buɗa baki, ko a yi tafiya mai sauƙi gab da faɗuwar rana.

Gargaɗi

Waɗannan mutane su ga likita kafin su fara motsi mai tsanani: mai ciwon zuciya, mai hawan jini, mai ciwon sukari, mai ciwon ƙoda, mai sikila, mai juna biyu, da wanda shekarunsa suka ja kuma ya daɗe bai motsa ba. Mai ciwon sukari kada ya bar fiye da kwana biyu a jere ba motsi, domin amfanin da motsi ke yi wa sukarin jini ba ya daɗewa. In yana shan magani ko allurar insulin, ya riƙe ɗan abu mai zaƙi a aljihu, ya sa takalmi mai kyau, ya duba tafin ƙafarsa bayan ya dawo. Mai sikila ya guji wahalar da kai da ƙishirwa. Kada kuma kowa ya ajiye maganin da likita ya ba shi wai don ya fara motsa jiki.

Duk wanda yana cikin motsi ya ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da kima, ko zuciya tana bugawa barkatai, ya tsaya nan take, a kai shi asibiti mafi kusa ba tare da jinkiri ba.

Tambayoyi Don Bita

1. Faɗi duwatsun murhu uku na motsa jiki. Wanne ne ka rasa a rayuwarka ta yau da kullum?
2. Minti nawa babban mutum yake bukata a mako?
3. Ta yaya za ka rarrabe motsi matsakaici da mai tsanani?
4. Don me ba a so a sauya tsari bayan mako biyu?
5. Mai ɗaga jarka ta lita 5, yaushe zai ƙara ruwa, kuma nawa zai ƙara?

Kira Ga Jama'a

Ana roƙon malaman makaranta, da limamai da sauran shugabannin addini, da masu unguwanni, da shugabannin ƙungiyoyin mata da na 'yan kasuwa, su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan ƙasida. Magidanta su ba iyalinsu dama da wuri a tsakar gida, su kuma bar yara su yi wasa. Kai kuwa mai karatu, kada ka jira sabon wata ko sabuwar shekara. Gobe da safe ka taka minti 10, ka rubuta a littafinka, ka riƙe tsarin har mako shida kafin ka yanke masa hukunci. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi ma'aikacin lafiya a asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa da shi. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, amin.